Ƙurajen da ke ƙaura: yadda fata ke tona asirin ƙarin fankiriyas, da abin da tiyata ke iya yi

Ƙurajen sukan fara ne a wurin da mutum ba ya son nunawa: matse-matsi, ƙasan mara, tsakanin mazaunai. Da fari ɗan faci ne mai ƙaiƙayi da raɗaɗi. Bayan kwana biyu ko uku sai tsakiyarsa ta ɗuri ruwa kamar wanda tafasasshen ruwa ya zuba wa, bororon ya fashe, wurin ya saluɓe, ya yi ɓawo. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tsakiyar ta bushe ta bar baƙin tabo, amma bakin facin bai tsaya ba, yana ta cin lafiyayyar fata ta gefe-gefe, kamar gobarar daji da ta bar toka a tsakiya tana ci gaba da lasar ciyawa a kewaye. Kafin wannan ya gama warkewa wani ya ɓullo a ƙauri, ko a bayan ƙafa, ko kewayen baki. Shi ya sa a jikin mutum ɗaya za ka ga sabo, ka ga mai ruwa, ka ga mai ɓawo, ka ga tsohon tabo, duk a rana guda.

Likitoci suna taƙaita sunan wannan cuta da haruffa uku, NME, ma'anarsa kuwa jan faci mai kashe saman fata yana ƙaura daga wuri zuwa wuri. Mu kira su ƙuraje masu ƙaura. Abin da ya sa suka cancanci dogon bayani shi ne, a mafi yawan lokuta tushensu ba a fata yake ba. Yana can cikin ciki, bayan tumbi, a jikin wata gaɓa da ake kira fankiriyas.

A nan sai an yi hattara da suna. Wasu kan fassara fankiriyas da saifa, alhali abu biyu ne dabam, maƙwabtan juna ne kawai. Saifa tana hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini da yaƙi da ƙwayoyin cuta. Fankiriyas kuwa doguwa ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, a kwance take a gicciye bayan tumbi. Kanta yana dama, ya shige cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma ta miƙe hagu har ta taɓo saifa. Wannan maƙwabtaka za ta dawo mana idan mun zo maganar tiyata.

Aiki biyu take yi. Mafi yawan namanta yana haɗa ruwan narkar da abinci ne, ya tura shi hanji. Sai kuma wasu 'yan ƙananan gungu da ke warwatse a cikinta, waɗanda ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba. Wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, shi ya fara hango su a madubin ƙara girma a 1869, har yau da sunansa ake kiransu. Su ne ke fitar da insulin, wanda duk mai ciwon suga ya san sunansa, da kuma kishiyarsa gulukagon, wanda Kimball da Murlin suka gano a Amurka a 1923. Insulin yana sauke sukarin jini. Gulukagon yana ɗaga shi: idan mutum ya daɗe bai ci abinci ba, kamar mai azumi da la'asar, shi ne ke zuwa ya buga wa hanta ƙofa ta saki sukarin da ta ajiye, idan ajiyar ta ƙare kuma ta ƙera sabo.

To ƙarin da ke jawo ƙurajen nan, gulukagonoma, daga ƙwayoyin da ke haɗa gulukagon yake tsirowa, kuma ba ya jin tsawa. Ko mutum ya ci ya ƙoshi, ƙarin yana nan yana kwarara gulukagon cikin jini dare da rana, yana gaya wa jiki cewa ana yunwa.

Mene ne haɗin wannan da fata?

Hanta ba daga iska take ƙera sabon sukari ba. Da tubalan furotin take yin sa, wato amino asid, irin waɗanda ake samu a nama da wake da ƙwai da madara, kuma su ne jiki ke gina tsoka da fata da su. Idan umarnin ƙera sukari ya ƙi yankewa wata da watanni, sai hanta ta kwashe tubalan da ke yawo a jini, ta koma tana rushe tsoka. Mutum ya yi ta ramewa ko da yana ci. Saman fata kuwa kusan duk mako huɗu yake sabunta kansa, ga shi kullum cikin gogayya da tufafi da gumi, don haka yana cikin waɗanda suka fara jin jiki idan kayan gini suka yanke. Inda gogayyar ta fi yawa, nan ya fara faɗuwa. Shi ya sa matse-matsi da mazaunai da ƙafafu. Ga kuma ƙarancin zinki da na wasu nau'o'in mai da fata ke buƙata, waɗanda sukan biyo baya su ƙara dagula lamarin.

Hujjojin da suka fi gamsar da ni guda biyu ne. An sha gwada ɗura wa irin waɗannan marasa lafiya amino asid ta jijiya, ƙurajen suka kwanta alhali ƙarin yana nan ba a taɓa shi ba. Sannan akwai jariran da ake haifa da yawan insulin, waɗanda akan ɗora a kan gulukagon na magani tsawon lokaci don kada sukarinsu ya faɗi; an ga wasunsu sun fito da irin waɗannan ƙuraje, da aka tsayar da maganin kuma suka warke. Har karnuka suna yin cutar, sai dai su galibi daga lalacewar hanta take zuwa musu.

An daɗe kafin a haɗa bakin zaren. A 1942 Becker da abokan aikinsa a Amurka suka ba da labarin wata mata mai irin waɗannan ƙuraje da ciwon suga da ƙarancin jini, wadda aka samu ƙari a fankiriyas ɗinta bayan ta rasu. Sai a 1966 McGavran da tawagarsa suka tabbatar da cewa irin wannan ƙari gulukagon yake fitarwa. Likitan fata ɗan Ingila Darrell Wilkinson shi ya raɗa wa ƙurajen suna a 1973, shekara guda bayan haka kuma Mallinson da abokansa suka wallafa bayanin marasa lafiya tara a mujallar Lancet, daga nan cutar ta samu gindin zama a littattafan likitanci.

Kada wanda ke da kirci ko makero ya karanta wannan ya kasa barci. Gulukagonoma tana cikin cututtukan da suka fi ƙaranci a duniya, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum ɗaya cikin miliyan 20 a shekara. Likita zai iya yin aiki har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba. Amma wannan ƙarancin shi ne kuma masifarta, domin abin da ido bai saba gani ba, zuciya ba ta kawo shi. Sau da yawa akan yi shekara biyu, uku ana yawo da ƙurajen kafin a gano tushensu.

Mu ɗauki misali, a ce wata mata ce mai shekara hamsin da 'yan kai, tunda cutar ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60 da wani abu. Wurin da abin ya fito ya sa ta yi wata uku ba ta gaya wa kowa ba. Da ya ishe ta sai ta aiki jikarta kemis, aka ba ta man shafawa irin mai haɗi uku, na kashe ƙwayar cuta da na makero da mai ƙarfin nan na kwantar da kumburi. Ta shafa, bayan kwana goma tsakiyar ta bushe, ta ce maganin ya karɓe ta. Ba ta san cewa ko ba ta shafa komai ba tsakiyar za ta bushe ba, don haka cutar take. Da ya dawo a ƙauri sai aka ce sanyi ne, aka shiga jiƙe-jiƙe. Da zanenta ya fara zame mata a ƙugu, aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce suga ce, aka rubuta mata ƙwayoyi. Harshenta ya yi ja sumul yana zafi, ko miyar da ba yaji ba ta iya sha, gefen bakinta ya tsattsage, aka ce ƙarancin bitamin. Farcenta ya fara karyewa, gashi yana zuba. Ta daina shiga mutane, ta daina zuwa biki da suna, 'yan uwa suka fara raɗe-raɗin ko sammu ne. Rannan ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum, wani likitan ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya.

Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa. Suga ce, ƙarancin abinci mai gina jiki ne, gudan jini ne. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Babu wanda ya jera su a faifai ɗaya ya ce: “Hajiya, tsaya. Ƙurajen nan da ramar nan da sugar nan, wanne ya riga wanne? Ɗan buɗe mini ƙafar in ga tabon.” Waɗannan abubuwa huɗu, ƙuraje da suga da gudan jini da ciwon damuwa, su ne ake koya wa ɗaliban likitanci su riƙe tare, sai a ƙara da rama da ƙarancin jini, wani lokaci da gudawa. Ƙurajen suna fitowa ga kamar kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na masu cutar, kuma sau da yawa su ne alamar farko. Ita sugar ba ta cika tsanani ba, domin ɓangaren da ke haɗa insulin yana nan yana ƙoƙarinsa. Gudan jinin ne abin tsoro: idan ya ɓalle daga ƙafa ya tafi huhu, yana iya kashe mutum nan take.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Hotunan da ke littattafan fata, akasarinsu na fararen fata ne, inda facin ke fitowa ja wur. A baƙar fata jan ba ya nunawa sosai. Abin da za a gani shi ne wuri ya yi duhu ko ruwan toka, yana sheƙi, yana saluɓewa, da baƙin tabo mai daɗewa. Wanda ke jiran ganin ja zai wuce shi. Abin lura shi ne siffar bakin facin mai lanƙwashe-lanƙwashe, da wuraren da yake zaɓa, da yadda yake warkewa a tsakiya yana ƙaura.

Kuma yana da 'yan uwa da suke kama da shi ƙwarai, waɗanda suka fi shi yawa a ƙasashenmu nesa ba kusa ba. Fatar yaro mai kwashoko da ke saluɓewa kamar tsohon fenti, da cutar felagira ta masu dogaro da masara kaɗai, da ƙurajen ƙarancin zinki, idan aka yanki fatar aka duba a madubi kusan hoto ɗaya suke bayarwa: saman fata ya koɗe ya mutu, ƙasansa da rai. Ba mamaki, duk yunwa ce, bambancin kawai ita wannan yunwar daga ciki aka ƙirƙiro ta. Akwai ma wani nau'i da ya fi fitowa a bayan ƙafa, wanda likitocin Masar suka bayyana a 1996 a jikin masu ciwon hanta nau'in C. Haka mai tsohon ciwon hanta ko cutar hanji da ke hana tsotse abinci yana iya fito da ƙuraje masu ƙaura ba tare da wani ƙari ba.

Don haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Likitan fata zai yanki ɗan ƙaramin yanki daga bakin sabon faci, ba daga tsohuwar tsakiya ba, kuma ba abin mamaki ba ne a maimaita sau biyu ko uku kafin a dace. Gwajin da ke raba gardama shi ne auna gulukagon a jini da safe kafin a karya. A jikin mai lafiya bai cika wuce fikogiram 150 zuwa 200 a kowace mililita ba; a mai gulukagonoma yakan haura 500, sau da yawa ma 1,000. Ciwon ƙoda da na hanta da doguwar yunwa suna ɗan ɗaga shi, amma ba kasafai suke kai shi can ba. Gwajin yana da tsirfa, domin gulukagon saurin lalacewa gare shi, sai an sa jinin a kwalba ta musamman cikin ƙanƙara, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Abin da ya fi samuwa shi ne hoton ciki na CT ko MRI, wanda ake yi a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Sa'ar da ke cikin rashin sa'ar ita ce, kafin a gano shi ƙarin ya riga ya girma, yakan kai santimita 5 ko fiye, ba ya ɓuya wa hoto. Galibi a tsakiyar fankiriyas ko wutsiyarta ake samunsa. A ƙasashen da ke da kayan aiki akan ƙara da wani hoto mai amfani da sinadarin galiyam 68, wanda ke haska duk inda 'ya'yan ƙarin suka ɓuya. Idan kuma a dangi akwai masu tsakuwar ƙoda da yawan kalsiyam a jini ko ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, sai a binciki cutar gado da ake kira MEN1, domin kaɗan daga masu gulukagonoma ta nan suka samo ta.

Sai tiyata

Magani ɗaya ne ke iya raba mutum da wannan cuta gaba ɗaya, shi ne a yanke ƙarin a fitar. Amma likitan fiɗa mai hankali ba ya gaggawar kai irin wannan maras lafiya teburi. Mutum ne da ya rame, jininsa ya yi ƙasa, fatarsa a buɗe, naman jikinsa ba shi da abin da zai haɗe ɗinki da shi, ga jininsa mai saurin daskarewa. Don haka akan ɗauki makonni ana gyara shi: abinci mai furotin ko amino asid ta jijiya, zinki, daidaita suga, allurar tsinka jini, da allurar oktiriyotaid, wadda ke kwaikwayon wani sinadarin jiki mai rufe bakin gulukagon. Sau da yawa da wannan allurar kaɗai ƙurajen ke fara bushewa cikin 'yan kwanaki. Nan ne wasu ke cewa sun warke, me za a yanka kuma? Allurar ta yi wa ƙarin takunkumi ne kawai, yana nan.

Tunda ƙarin ya fi zama a hagu, aikin da aka fi yi shi ne yanke tsakiya da wutsiyar fankiriyas a bar kan. Likita zai ɗage tumbi sama, fankiriyas ta bayyana a kwance, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ƙarin yana turo ta kamar ƙwallon goruba. Zai ɗaure babbar jijiyar da ke kai jini saifa da wadda ke dawo da shi, domin su biyun a manne suke da bayan fankiriyas. Sannan ya datse ta daga inda naman yake lafiya, da wata na'ura mai yanka tana ɗinkewa lokaci guda, ko da wuƙa ya ɗinke da hannu, ya fitar da wutsiyar da kaluluwar da ke kewaye, mafi yawan lokuta har da saifar. Akwai dabarun tsira da saifa, amma idan ana zargin ƙarin mugu ne, kuma akasarin gulukagonoma haka suke, ba a cika barin ta ba don a samu kwashe kaluluwar tas. Yanzu a wurare da yawa ta 'yan ƙananan huji ake yin aikin da kyamara, ba sai an tsaga ciki ba. Wasu likitocin sukan haɗa da matsarmama su cire, saboda allurar oktiriyotaid idan aka daɗe ana yi tana tara tsakuwa a cikinta.

Wahalar fankiriyas ita ce laushinta da kuma abin da ke cikinta. Ruwan da take haɗawa nama yake narkarwa, bai san na abinci da na mai shi ba. Idan bakin da aka datse ya yi yoyo, sai ruwan ya taru a ciki ya jawo ruɓa ko ya ci jijiya. Wannan yoyon shi ne babban abin da likitoci ke fargaba, kuma yakan samu kamar mutum ɗaya cikin biyar. Shi ya sa ake barin roba a gefen ciki, a riƙa auna ruwan da ke fitowa a kwanakin farko kafin a zare ta.

Idan kuwa ƙarin a kan fankiriyas yake, aiki ya girma. Kan fankiriyas da farkon hanji da bututun matsarmama jijiyoyin jini ɗaya suke sha, ba a cire ɗaya a bar sauran. Walther Kausch ya yi irin wannan aiki a Balin a 1909, amma sunan Allen Whipple na Niyok, wanda ya wallafa nasa a 1935, shi ya bi aikin. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama da ƙarshen bututunta, wani lokaci da ɗan gindin tumbi. Sai a jawo hanji sama a yi masa ɗinki uku: ɗaya da ragowar fankiriyas, ɗaya da bututun hanta, ɗaya da tumbi. Aikin sa'o'i biyar, shida ne ko fiye. A shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya fita asibiti da rai bayan wannan aiki. Yau a cibiyoyin da suke yin sa a kai a kai abin ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100. A ganina, wanda aka ce za a yi wa wannan tiyata yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: “Likita, a shekara sau nawa kuke yin irin wannan a nan?” Ba raini ba ne, bincike ya sha nuna cewa yawan yi shi ke rage mutuwa.

Abin da ke biyo bayan cire ƙarin yana cikin abubuwan ban mamaki a aikin likita. Gulukagon ba ya wuce 'yan mintuna a jini, don haka da an datse masa tushe sai ya faɗi. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙurajen da suka shekara suna ruwa sun fara kamewa, cikin mako ɗaya zuwa biyu sun bushe, sai baƙin tabo da zai yi watanni yana washewa. Harshe ya daina zafi, mutum ya koma cin tuwonsa. Wasu ma sugar takan tafi.

Sai dai ba kowa ke samun wannan cikakkiyar sa'a ba. Fiye da rabin masu cutar, kafin a gano ta ƙarin ya riga ya yi 'ya'ya, galibi a hanta. Duk da haka ba a naɗe hannu, domin irin wannan ƙari tafiyar hawainiya yake yi, mutum yana iya shekaru masu yawa da shi. Akan yanke uwar ƙarin da abin da za a iya kwasa a hanta don a rage yawan gulukagon, ko a ƙone 'ya'yan da zafi ta allura, ko a toshe jijiyar da ke shayar da su. Akan ci gaba da allurar oktiriyotaid ko lanriyotaid duk wata. A 2011 Amurka ta amince da ƙwayoyi biyu, eberolimus da sunitinib, don irin waɗannan ƙari, a 2018 kuma ta amince da maganin lutetiyam 177, wanda ke bin jini ya manne wa ƙarin ya ƙone shi daga ciki. Steve Jobs na kamfanin Apple ɗan gidan wannan ƙari ne ya kama shi, wato mai tsirowa daga gungun Langerhans: an gano shi a 2003, aka yi masa tiyata a 2004, aka dasa masa hanta a 2009, ya rasu a 2011.

Shekara takwas ɗin nan tasa ita ke nuna bambanci da ɗaya ciwon dajin na fankiriyas, wanda ke tsirowa daga bututun ruwan narkar da abinci, kuma shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake gani. Wannan ba ya jira. Kashi 15 zuwa 20 ne kacal ake samu a matakin da za a iya yi musu tiyata, kuma ko a Amurka waɗanda ke kai shekara biyar ba su wuce kamar kashi 13 ba. Shi ma yakan yi magana ta fata, da wani harshen. Idan ya tsiro a kai sai ya matse bututun matsarmama, ruwan ɗaci ya koma jini. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara, bayan gida ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci, musamman a tafin hannu da na ƙafa, ba tare da ƙurji ko ɗaya ba sai sawun farce. Wani lokaci ƙaiƙayin kan riga canjin idon zuwa. A wajenmu cutar shawara, wato wannan ɗorawar ido, ta fi zuwa daga ciwon hanta nau'in B ko sikila ko zazzaɓi, shi ya sa ake saurin cewa a jiƙa magani. Amma shawarar da ta zo wa dattijo ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, tana ƙaruwa kullum yana ramewa, hoton ciki take buƙata a makon nan. Idan an samu toshewa, ko da ba za a iya tiyata ba, akan zura ɗan bututu ta baki a buɗe hanyar, ƙaiƙayin ya lafa cikin kwanaki.

Sauran alamun a taƙaice. Jijiyar da ke ƙarƙashin fata ta yi tauri kamar igiya tana zafi, ta warke, wata ta kama a wani hannun: Armand Trousseau na Faris ya danganta wannan da ɓoyayyen ciwon daji a 1865, bayan shekara biyu ya ga alamar a hannunsa na hagu, ya gane abin da ke tafe, ya kuwa rasu a 1867. Akwai ƙullutai masu zafi a ƙauri da kan fashe su fitar da ruwa mai maiƙo, saboda ruwan fankiriyas ya shiga jini yana narkar da kitsen ƙarƙashin fata. Akwai kuma ƙullutu mai tauri a cibiya, wanda ke nuna ciwon ya riga ya bazu a ciki.

Mu koma kan wanda aka yi wa aiki ya tashi. Tunda an rage masa fankiriyas, wata sabuwar suga tana iya zuwa daga baya, wannan karon ta ƙarancin insulin. Wani kuma abinci mai maiƙo ya daina narke masa, bayan gida ya riƙa fita da mai yana wari, sai an ba shi ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon yana haɗiya da kowace loma ta farko. Gara a sani tun wuri cewa daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa su, kuma babu wani madadi mai ƙarfinsu a kasuwa. Malamai da dama sun halatta su a babin larura, amma ya fi kyau mutum ya ji daga bakin likitansa, ya tambayi malaminsa, da ya gani a jikin kwali ya watsar da magani a ɓoye.

Rashin saifa kuwa, a Landan wani abu ne, a Kano ko Maraɗi wani abu ne dabam. Saifa ce ke kama ƙwayoyin cutar da ke jawo sanƙarau da limoniya, ita ce kuma ke tsince ƙwayoyin jinin da zazzaɓin cizon sauro ya shiga. Mu kuwa muna tsakiyar yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, ga sauro duk damina. Saboda haka ake yi wa mutum allurar rigakafin limoniya da sanƙarau aƙalla mako biyu kafin tiyata, idan ba a samu ba to mako biyu bayanta, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Gidan sauro ya zama dole, kuma duk zazzaɓin da ya taso, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa a gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa ba shi da saifa. Sannan duk bayan wasu watanni a auna gulukagon a ɗauki hoton hanta, shekara da shekaru, domin ƙarin yakan dawo ko bayan an daɗe. Sau da yawa kafin ranar gwajin ta zagayo, maras lafiyan ne da kansa ke fara ganin ɗan faci mai ruwa a ƙaurinsa.